MASU-RIƘE IGIYA: LABARIN GUZURIN MASU-BISHARA

 A wannan biki na jubili mun taru domin mu gode wa Allah saboda mutanen da suka ƙetare teku suka kawo mana bishara. Mun san sunayen waɗansu daga cikinsu, mun kuma san inda aka binne waɗansu. Amma akwai waɗansu mutane da ba mu san sunansu ba, ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, ƙafarsu kuwa ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Su ne suka biya kuɗin jirgi, suka sayi magani, suka cika tukunyar mai-bishara shekara da shekaru. Labarinsu ne mu ke so mu ba ku a nan.

TAMBAYAR DA A KAN YI MANA

Sau da yawa a kan tare mu a kasuwa ko a bakin rijiya a ce, "Malam, Turawan nan naku, wa ke biyansu?" Tun zamanin kakanninmu a ke yin wannan tambaya. Waɗansu sun ce gwamnatin ƙasarsu ce ta aiko su, ita ce kuma ke biyansu. Waɗansu sun ce akwai wani babban attajiri a Amurka wanda kuɗinsa ba ya ƙarewa. Har a cikin Ekklesiya akwai masu-tsammanin haka, ko da ya ke ba su faɗa da baki ba.

Wannan zance ba na wasa ba ne. Gama idan mai-bi ya ɗauka kuɗin mishan rijiya ce wadda ba ta ƙafewa, ba za ya sa hannu cikin aljihunsa ran Lahadi ba. Ya kan ce a zuciyarsa, "Me dalata ɗaya za ta yi?" Sai ka ga mai-bishara da muka aika ƙauye yana kwana da yunwa, shi da iyalinsa, mu kuwa muna zaune muna jiran taimako daga wani wuri. Saboda haka ya kamata mu san gaskiyar al'amarin tun daga tushe.

A ZAMANIN MANZANNI

Littafi Mai-Tsarki bai ɓoye zancen guzuri ba. A cikin Luka sura 8 mun ga waɗansu mata, Maryamu Magadaliya da Yuwana da Susana da waɗansu da yawa, suna yi wa Ubangiji da almajiransa hidima daga abin hannunsu. Shi wanda ya ƙosar da mutum 5,000 a jeji ya yarda mata su ɗauki nauyin abincinsa.

Manzo Bulus kuwa ya nuna mana hanya uku. Ta fari, ya yi sana'a da hannunsa. A Koranti ya sauka gidan Akila da Biriskilla, suna ɗinkin tanti tare. Ta biyu, ya karɓi taimako daga ekklesiyar da ya riga ya kafa. Mutanen Filibi sun aika masa ba sau ɗaya ba sa'ad da ya ke Tasalonika. Da aka ɗaure shi kuma suka aiki Abafroditus da kyautarsu, har mutumin ya yi ciwo ya kusa mutuwa saboda wannan hidima. Ta uku, a cikin 1 Korantiyawa sura 9 ya koyar cewa mai-wa'azi yana da hakki a ciyar da shi, ya kawo misalin soja da manomi da makiyayi. Amma shi kansa ya ƙi karɓar kome daga mutanen Koranti, domin kada a ce ciniki ya ke yi da maganar Allah.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ma'aji na kowace ekklesiya ya lura da shi. Sa'ad da aka tara gudummawa domin matalautan Urushalima, Bulus bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya tafi tare da mutanen da ekklesiyai suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. Duk hanyoyin da a ke bi har wa yau, daga waɗannan suka tsiro.

MAI-GININ TUKWANE, KAFINTA DA BADUKU

A shekara ta 1732 'yan'uwa Morabiyawa na ƙauyen Herrnhut a ƙasar Jamus suka aiki mutum biyu zuwa tsibirin St Thomas, wurin bayin da aka kwashe daga Afirka. Ɗaya Leonard Dober ne, mai-ginin tukwane, ɗaya kuwa David Nitschmann, kafinta. Ba a yanka musu albashi ba. Aka ba su ɗan guzuri kaɗan, aka ce su ci da sana'arsu kamar Bulus. Da suka isa, aikin kafinta ne ya ciyar da su. Dober bai sami yumɓu mai-kyau a tsibirin ba, sai ya kama aikin da ya samu, har da gadi.

Bayan shekara 60, ran 2 ga Oktoba 1792, waɗansu fastoci na Baftis suka taru a garin Kettering a Ingila suka kafa ƙungiyar aika masu-bishara. Su ba masu-arziki ba ne. Abin da suka yi alkawari a ranar nan duka-duka fam 13 ne da sule 2 da sisi. Wanda ya zuga su shi ne William Carey, baduku mai-ɗinkin takalma. Ya yarda ya tafi Indiya, amma ya kwatanta tafiyar da mutumin da za ya sauka cikin rami mai-zurfi, ya roƙi abokansa su yi masa alkawari za su riƙe igiya muddin ransu. Mu da mu ke haƙa rijiya mun gane wannan misali sarai. Mai-haƙa yana can ƙasa cikin duhu, ransa kuwa yana hannun mutanen da ke bakin rijiya.

Carey ya tashi a 1793. Kafin a daɗe kuɗin da suka tafi da shi ya ƙare, iyalinsa suka sha wahala ƙwarai. Sai ya kama aikin lura da ma'aikatar shuni, yana fassara Littafi Mai-Tsarki a sauran lokacinsa. A 1800 ya koma Serampore, inda shi da Joshua Marshman da William Ward suka haɗa jaka ɗaya: abin da kowa ya samu sai ya zuba ciki, ya ɗauki abin masarufi kaɗai. A 1801 aka ɗauki Carey malamin harsuna a makarantar Fort William a Kalkata, yawancin albashinsa kuwa cikin aikin bishara ya shiga. Bai sāke ganin Ingila ba har ya mutu a 1834. Abokinsa Andrew Fuller shi ma ya cika alkawari. Ya yi ta zaga Ingila da Sikotilan yana tara kuɗi yana rubuta wasiƙu, har mutuwarsa a 1815.

KWABO-KWABO

Daga nan ƙungiyoyin mishan suka yawaita. Aka kafa ta London a 1795, da CMS a 1799, da ta Basel a ƙasar Suwizalan a 1815. Tsarinsu shi ne: ƙungiya ta tara kuɗi daga ekklesiyai cikin asusu ɗaya, ta zaɓi ma'aikata, ta yanka musu albashi, ta biya jirgi da gida. Mai-bishara ba ya roƙon kowa, ƙungiya ce ke roƙo a madadinsa.

To, su wane ne suka cika asusun nan? Akwai attajirai kaɗan, gaskiya ne. Amma da yayyafi kogi kan cika. A 1844 Mishan ta London ta sami jirgin ruwa mai-suna John Williams domin aikin tsibiran tekun Fasifik, da kwabban da yara suka tara aka saye shi. A 1855 abokan Mishan ta Basel suka fara wata tara da a ke kira rabin Batzen, watau ƙaramin tsabar kuɗi ne da ko baranya ta iya bayarwa kowane mako. Masu-tarawa suka riƙa bi gida-gida a Suwizalan da kudancin Jamus. Wannan tara ta zama babban ginshiƙi ga Mishan ɗin da ta yi aiki a ƙasar Gana tun 1828, da Kamaru tun 1886.

Wata mace kuma mai-suna Lottie Moon ta tafi ƙasar Sin a 1873, Baftis na kudancin Amurka ne suka aike ta. Ta ga aiki ya yi yawa, ma'aikata kaɗan, asusu kuwa ba kome. Ta rubuta wa matan ekklesiyai ta roƙe su su keɓe baiko na musamman lokacin Kirsimati. A 1888 suka tara dalar Amurka 3,315, wanda ya isa a aika mata uku. Ku lura, dalar Amurka mu ke nufi, ba dalarmu ta faran 5 ba. Ta mutu a 1912, a 1918 kuwa aka sa wa baikon sunanta. A 1925 ekklesiyan nan suka shirya kowace ta riƙa ba da kashi daga baikonta cikin asusun tarayya. Da waɗannan hanyoyi biyu su ke biyan masu-bishararsu har yanzu.

HANYAR BANGASKIYA

Akwai wata hanya dabam, ita ce kuwa ta fi shafarmu. Wani Bajamushe mai-suna George Müller ya buɗe gidan marayu a Bristol a Ingila a 1836. Ya ɗaura niyya ba za ya roƙi mutum kuɗi ba, ba kuwa za ya ci bashi ba, Allah kaɗai za ya faɗa wa bukatarsa. Amma ya riƙa rubuta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita dalla-dalla, yana bugawa kowa ya gani. Kafin mutuwarsa a 1898 marayu fiye da 10,000 sun ci sun sha sun yi karatu a gidajensa.

Hudson Taylor ya tashi zuwa ƙasar Sin a 1853. A 1857 ya rabu da ƙungiyar da ta aike shi, domin ya gane da bashi ta ke biyansa. Mu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi bai yarda a yi aikin Allah da shi ba. A 1865 ya kai fam 10 banki ya buɗe asusu da sunan China Inland Mission. Ka'idodinta su ne: ba a yi wa kowa alkawarin albashi, ba a cin bashi, ba a roƙon kuɗi a taro, abin da ya shigo kuwa a raba. A 1866 ya tashi da ma'aikata 16 cikin jirgin ruwa mai-suna Lammermuir. Müller yana cikin waɗanda suka riƙa aika musu kuɗi. A 1900 aka yi tawaye a ƙasar Sin, aka kashe ma'aikatan Mishan ɗin 58 da 'ya'yansu 21. Da aka zo zancen diyya, Mishan ta ƙi karɓa. Sa'ad da Taylor ya mutu a 1905 ma'aikatanta sun wuce 800.

Wannan ya buɗe ƙofa ga mutanen da manyan ƙungiyoyi ba su ɗauka ba, watau masu-sana'a da manoma da 'yan mata marasa-aure, daga ɗariku dabam dabam. A kan kira irin waɗannan ƙungiyoyi mishan na bangaskiya.

YADDA HANYAR TA ISO GARE MU

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Nufinsu su kai bishara cikin ƙasar Sudan, watau ƙasashenmu na kudu da hamada. Sun nemi ƙungiyar da za ta aike su ba su samu ba, sai suka taho da ɗan abin da su da abokansu suka haɗa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jikinsa, ya kai wa mahaifiyar Gowans kayan ɗanta. Tsohuwar nan, wadda tun farko ita ce ta sa wa Bingham nawayar ƙasar Sudan a zuciya, ba ta saki igiya ba. Ta ci gaba da addu'a tana zuga waɗansu.

A 1898 aka kafa majalisa a Toronto domin ta tsaya a bayan aikin. Yunƙuri na biyu a 1900 ya fāɗi. Sai a na uku aka sami wurin zama a Fategi a bakin Kwara a 1902. Wannan ita ce Mishan ta SIM. A 1904 kuma Karl Kumm ya jawo mutanen Mishan ta SUM zuwa Wase, daga baya rassanta suka shiga Cadi da Kamaru. A 1924 SIM ta iso Damagaram, sa'an nan Tsibiri da Maraɗi da Dogon Dutsi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi.

Gwamnatin Faransa ba ita ta aiko su ba, ta ma daɗe tana dubansu da shakka domin ba mutanenta ba ne. A Nijeriya gwamnatin Ingilishi ta ba mishan taimako saboda makarantu da aikin kutare, amma wa'azin bishara bayarwar masu-bi ce ta ɗauke shi. Shekaru da yawa SIM tana bin tsarin jaka ɗaya: abin da ya shigo a kan raba shi daidai, likita da magini, shugaba da sabon zuwa. Idan ya yi kaɗan, kowa ya ɗaure ciki. A 1929 ciniki ya karye a Amurka, bankuna suka rufe, mutane da yawa suka rasa aiki. Rabon masu-bishara ya ragu, duk da haka cikin shekarun nan ma'aikata suka ƙaru, aka buɗe sababbin tashoshi. Masu-bayarwa kuwa yawancinsu manoma ne da ma'aikata da gwauraye da yaran makarantar Lahadi.

Sai mu faɗi gaskiya duka. Rabon Bature, ko da ya ragu, ya fi abin da mai-bishara ɗan ƙasa ya ke samu nesa ba kusa ba. A mishan da yawa haka abin ya ke, ya kuwa jawo ɓacin rai. Wanda ke zaune cikin bukka, idan ya dubi gidan kwano da mota, da wuya ya gaskata mai-gidan da baikon gwauruwa ya ke ci. Daga nan ne tsammanin rijiya marar-ƙafewa ya fito.

YADDA A KE YI YAU

Yau mai-bishara da za ya bar ƙasarsa ya kan bi ɗaya daga cikin hanya uku. Akwai wanda ɗarikarsa ke biyansa daga asusun tarayya. Akwai wanda ya ke tafiya da sana'a, likita ko malamin makaranta ko injiniya, yana ci da albashinsa. Amma a yawancin mishan irin namu, kowa shi ke neman masu-riƙe masa igiya.

Ga yadda a ke yi. Idan Mishan ta karɓi mutum, sai ta yi masa lissafin abin da zamansa za ya ci: abinci, da haya, da kuɗin jirgi zuwa da komowa, da magani, da makarantar yara, da ajiya domin tsufa, da wani kashi domin ofishin da ke kula da takardu da lissafi. Sa'an nan ya bi ekklesiyai da gidajen abokai yana ba da labarin kiransa. Wannan ya ce za ya ba da kaza kowane wata, wancan ya ce kaza. Abin ya kan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Ba a kan sallame shi ba sai alkawaran sun cika lissafi ko sun yi kusa. Kuɗin kuwa ta ofishin Mishan ya ke bi, a rubuta, a ba mai-bayarwa rasit, sa'an nan a aika wa ma'aikaci rabonsa. Shi kuma wajibi ne ya riƙa rubuta musu labari. A dā, bayan kamar shekara 4 ya kan koma gida shekara guda. Mu kan ce ya tafi hutu, alhali yawancin lokacin yawo ya ke yi daga ekklesiya zuwa ekklesiya yana ba da lissafin aikinsa. Ka ga an ɗan kauce daga ka'idar Müller, gama yanzu a kan faɗi bukata a fili.

Kowace hanya tana da lahaninta. Mai-albashi hankalinsa kwance, amma idan asusu ya yi ƙasa sai a kira shi gida. A 2015 da 2016 hukumar mishan ta Baftis na kudancin Amurka ta rage ma'aikata fiye da 1,000 saboda abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Mai-sana'a ba ya nawaita wa kowa, amma ƙarfinsa ya rabu biyu. Mai-neman masu-taimako kuwa yana da mutane da ke ambaton sunansa cikin addu'a, amma mai-daɗin baki ya kan sami fiye da mai-kawaici. Wanda ya yi shekara 10 a gari mai-tauri bai ga mai-tuba ba ya kan shiga jaraba ya ƙara wa labarinsa gishiri. Canjin kuɗi ma ya kan girgiza lissafi. Manya cikinmu sun tuna Janairu 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya: mai-karɓar kuɗin waje ya ga nasa ya ninka, mai-bishara da a ke biya da sefa kuwa ya ga magani da kayan waje sun fi ƙarfinsa.

IGIYA TA ZO HANNUNMU

Tun da daɗewa masu-hangen nesa sun ga ba daidai ba ne ekklesiya ta dawwama tana cin abin hannun baƙi. Henry Venn, wanda ya zama magatakardan CMS a 1841, da Rufus Anderson na Amurka sun koyar cewa ekklesiya ta ƙwarai ita ce mai-mulkin kanta, mai-ciyar da kanta, mai-yaɗa bishara da kanta. A 1890 John Nevius ya kai wannan shawara Koriya, masu-bi na can suka gina ɗakunan sujadarsu suka biya malamansu tun suna matalauta. Yau Koriya ta Kudu tana cikin ƙasashen da suka fi aika masu-bishara a duniya. A 1971 Fasto John Gatu na Kenya ya ce a dakatar da aiko ma'aikata da kuɗi daga waje na ɗan lokaci, domin ekklesiyan Afirka su koyi tsayawa da ƙafarsu. Mutane da yawa ba su yarda da shi ba, amma ciwon da ya nuna na gaske ne.

Ga misali daga cikin gidanmu. Italiya ta afka wa ƙasar Habasha a 1935, a 1937 kuwa aka fitar da ma'aikatan SIM daga ƙasar Walaita. Masu-bi da aka yi wa baftisma a can ba su kai 100 ba. Babu Bature, babu kuɗin waje, ga tsanani da ɗauri. Da ma'aikatan suka komo bayan an kori Italiya, sai suka tarar da masu-bi dubbai. Su da kansu suka aiki masu-bishara, suka ciyar da su, suka kai wa na kurkuku abinci.

A jihar Mizoram ta Indiya, tun wajen 1910, matan ekklesiya suka fara wata al'ada: duk sa'ad da mace za ta ɗora tukunya sai ta keɓe tafin shinkafa ɗaya domin Ubangiji. A tara, a sayar, a sa cikin aikin bishara. Har yanzu suna yi. A Nijeriya kuma a 1948 masu-bi na ekklesiyan SIM suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu-bishara, tun kafin a kafa ECWA a 1954. Ita ce a ke kira EMS yanzu, ta kuwa aika ma'aikata har ƙetaren iyaka da baikon 'yan ƙasa.

To, 'yan'uwa, mu fa? Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. Ba mu da dalar Amurka, amma muna da rumbu. Ga abin da mu ke roƙonku. Kowane mai-gida ya fitar da dami ɗaya cikin goma tun a gona, kafin hatsi ya shiga rumbu. Kowace uwargida ta keɓe tafi ɗaya kafin ta zuba cikin turmi, kwana kaɗan za ta ga tiya ta cika. Kowace ekklesiya ta nemi gona a noma ta da gayya domin mai-bishara. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa su yanka abin da za su bayar kowane wata, ko jika ɗaya ce, su kuwa cika, gama alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin alkawari cutar da ma'aikaci. Kuɗin kuma kada mutum ɗaya ya ƙirga shi. A ƙirga gaban shaidu, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Ku kuma masu-bishara, ku ba da labari na gaskiya, kada ku raina gona da sana'ar hannu, gama Bulus bai raina allura ba.

A cikin 1 Sama'ila sura 30, sa'ad da Dawuda ya komo daga yaƙi da ganima, waɗansu suka ce kada a ba mutum 200 da suka gaji suka tsaya wurin kaya. Dawuda ya ƙi, ya kafa doka a raba daidai tsakanin wanda ya tafi da wanda ya yi tsaro. Yarinyar da ta jefa kwabonta cikin akwati a wata ƙasa mai-sanyi tana da rabo cikin wannan jubili namu, ko da ya ke ba ta taɓa jin sunan garinmu ba. Akwai garuruwa gabas da arewa da mu, da rugagen Fulani da zangon Buzaye, inda ba a ji bishara ba tukuna. Samarinmu suna shirye su sauka rijiya. Mu roƙi Ubangiji ya ba mu hannu mai-ƙarfi da zuciya mai-aminci mu riƙe musu igiya, domin a jubili mai-zuwa waɗansu su gode masa sabili da mu. Amin.